Ajin da Muka Gina da Tuwon da Muka Ci

Bana zafin bazara ya daɗe bai sake mu ba. Da ruwan farko ya sauka, sai ya tarar da kwatar layinmu a Kambarawa ta toshe da leda da yashi. Ya rasa hanya, ya shigo mini zaure. Na tsaya da wando a naɗe ina kallon tabarmata tana yawo a kan ruwa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya daki hancina, sai na tuna wata bazara, ta shekarar da soja suka fara mayar da mulki hannun farar hula. Zan faɗi abin yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya, domin ni ban iya labari da tsallake ba.

Sunana Sada. A lokacin ina malamin aji shida a wata firamare kusa da Ƙofar Sauri. Karatuna bai wuce na horon malamai ba, amma abin da na sani na san shi, kuma ba na wasa da aiki. Yara sun yi yawa tun da aka ce ilimi kyauta ne, ɗakuna suka kasa. Ajina ya koma gindin darbejiya, allo a jingine da itacen, yara a ƙasa. Da rani ana lallaɓawa. Da damina kuwa, hadari yana tasowa karatu ya tashi. Yaran nan suna shirin jarrabawar fita, ba su da rufi a kansu. Wannan ita ce damuwata tun farkon shekara.

A shekarar aka ce mu riƙa koya wa yara haƙƙin ɗan ƙasa, tun da zaɓe na tafe. Na ji daɗin wannan umarni. Na tsara darasin da kaina. Na fara da cewa abin jama'a ba na gwamnati ba ne, na kowa ne, kuma duk wanda ya ga ya lalace shi ya kamata ya fara miƙa hannu. Bayan wannan sai biyayya ga doka. Zaɓe na ajiye shi a ƙarshe, don na ce musu wanda bai iya share ƙofar gidansu ba bai kai ya zaɓi shugaba ba. Kullum da safe sai sun maimaita mini da ƙarfi: "Abin kowa namu ne." Mannir, shugaban ajin, shi ke ja musu baki. Yaro ne mai kaifin tambaya, ɗan wani baduku mai ɗinkin takalma.

Wata rana ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu da ba mu da ɗaki, shi ma aikinmu ne?"

Na ce, "Aikinku ne." Ina rufe baki na san na ɗora wa kaina nauyi.

Bazarar ta zo da tsanani. Daminar da ta gabata ba ta yi albarka sosai ba, gero ya yi tsada. A gidana mai ɗakina Hajara ta fara tsinka koko har kana ganin gindin ludayi. Daga nan ta soke abincin rana, sai ɗan garin rogo ga yara. Tuwon dare ya zama shi ne abinci. Ruwa ma ya yi wuya. Gugan rijiyar unguwa yana nisa kafin ya taɓa ruwa, in ya fito rabi taɓo ne. Da hantsi ƙasa kan yi zafin da kare ma ba ya taka ta. Leɓe ya tsage, ƙuraje suka feso wa yara a wuya. Cikin wannan hali na je wurin Malam Audu magini, dattijon unguwar, na ce ina so a yi gayya a gina wa aji shida ɗaki kafin ruwa.

Ya saurare ni har na gama jera masa tsarina. Sannan ya ce, "Malam, ƙasa kyauta ce, hannu ma za a samu. Amma mutane na cikin yunwa. Wa zai ciyar?"

Ga wanda bai sani ba, haka gayya take a wurinmu. Mai gona ko mai gini shi ke kiran jama'a, ba a biyan kowa, amma tukunya daga gidansa take fitowa. Na san wannan kamar yadda kowa ya sani. Sai dai a ganina ɗakin makaranta an san masu shi, yara ne. Na ce masa kowane gida zai kawo abin da ya samu. Aka yi yekuwa. Abin da aka tara bai kai ya yi kunun yini guda ba. Ban ga laifin kowa ba, kowa na fama da tukunyarsa.

A nan Alhaji Iro ya shigo. Iro aminina ne tun muna ƙanana. Makarantar allo ɗaya muka yi, tare muka sha bulala, shi ne babban abokin ango ranar da aka kawo mini Hajara. Ni na bi boko, shi ya bi fatauci, Allah ya buɗa masa. Gidansa yana manne da filin makarantar ta gabas. A lokacin ya fito takarar majalisar jiha, kowa ya sani. Ya same ni da la'asar a gindin darbejiya ina kakkaɓe allo. Shi kaɗai ke kirana Malam Na-farko, don ya ce ko gaisuwa zan yi sai na ce na farko, na biyu.

Ya ce, "Malam Na-farko, mi nake ji? Kana neman tuwo gida-gida ina raye? Halan ka mance hanyar gidana?"

Na ce, "Alhaji, aikin jama'a ne, shi ya sa na nemi jama'a."

Ya yi dariya. "To ni aljani ne? Ɗiyan nan ɗiyana ne. Ka bar mini maganar ciki. Kuma mi zai sa ku wahala da bango huɗu ga ruwa na wuya? Ga katangata nan, ku jingina da ita, ku yi uku ku huta."

Na yi masa godiya ƙwarai. Na koma na gaya wa Malam Audu. Bai yi murnar da na zata ba. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, "Malam, kai dai ka san yadda gayya take ko?"

Na ce, "Na sani. Iro ne fa."

Ya ce, "To. Allah shi sa mu dace."

Muka fara. Ranakun da babu makaranta, ana idar da sallar asuba masu jakai su nufi busasshen kududdufin bayan ganuwa su ciko mangaloli da jar ƙasa. Kafin rana ta ɗaga, 'yan mata sun jera tulunan ruwa, kowace ta sha layi a rijiya. Sai maza su naɗe wando su shiga kwaɓi da ƙafa, ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan kamar magani, ana barbaɗa busasshiyar ciyawa. Bayan kwaɓi sai yin tubali. A wancan zamani da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Manya da yara duk sun yi. Kana iya gane na yara, ƙanana ne, kuma shatin yatsunsu na nan a jiki. Ni ina zagayawa da sanda ina duba layi. Wanda ya karkace sai a sake shi.

Da rana ta take, sai a hango yaran gidan Alhaji ɗauke da manyan akussa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, ga kunun tsamiya a masaki. Ba zan ɓoye ba, na ci. Na ga dattawan da suka daɗe ba su ga maiƙo ba suna suɗe hannu har wuyan hannu. Na ga yaran da suke zuwa aji suna hamma sun fara guje-guje. Wasu iyaye da ba su da yaro a ajina ma sun zo aikin, kuma na san abin da ya kawo su. Ban kore su ba.

Da tubali ya bushe Malam Audu ya ja igiya ya kafa tushe. Bango uku suka tashi, suka rungumi katangar Alhaji. Azara da kwano iyayen yara ne suka kawo, wannan tsohon falle ɗaya, wancan biyu, wasu da tsatsa da hujin ƙusa. Wani makeri ya toshe hujojin. Ina so a riƙe wannan: ko ƙusa ɗaya ba ta fito daga gidan Iro ba. Tuwo ne da katanga.

Kafin a gama yaɓe gabas ta fara haɗa baƙi. Kullum da yamma iska ta taso mai ɗumi, mu ruga mu lulluɓe kan bango da zana da tsofaffin tabarmi, domin ɗanyen gini ba ya jure ruwa. Hadarin ya yi ta tsoratar da mu yana watsewa. Allah ya rufa asiri, sai da aka buga fallen ƙarshe aka yi daɓe, sannan ruwa ya kece.

Muna cikin ɗakin ranar. Ina tsakiyar darasi ruwan ya fara dukan kwano, ƙarar ta danne muryata. Yara suka dubi sama, suka dubi juna, babu ɗigo ko ɗaya. Sai suka ɓarke da ihu. A duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar ce kaɗai na bar aji ya yi ihu ban ɗaga bulala ba.

Washegari na gayyato Alhaji Iro. Na tsayar da shi gaban allo na ce, "Kun daɗe kuna ji ina cewa ɗan ƙasa nagari. To ga shi kun gani da idonku." Suka tafa masa. Ya shafa kan Mannir ya ce in Allah ya ba shi nasara har benci zai sa musu.

Ba mu daɗe a ciki ba aka ba da hutu saboda zaɓe. Iro ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Na-farko, ɗakin nan zai zauna wofi har bayan salla. Ara mini shi mutanena su riƙa zama, zaurena ya yi kaɗan."

Na ce, "Na farko, sai hedimasta ya yarda."

"Ya yarda tun jiya. Saura na biyu."

"Na biyu, ranar da aka koma makaranta a same shi a share."

Ya dafa ƙirji. "In ba a share ba ni zan riƙe tsintsiyar."

Na miƙa masa makulli da hannuna.

Zaɓen ya zo mako-mako, kowace Asabar da nata. Damina ta kankama, lunguna suka cika da taɓo, gero a gonakin bayan gari ya kai gwiwa, amma rumbu babu komai. Wannan shi ne lokacin da yunwa ta fi cizo. Hajara ta koma dafa tafasa da zogale tana kwaɗawa da ɗan ƙuli-ƙuli. A haka na bi gidajen iyayen yarana ina gaya musu fita zaɓe wajibi ne, kuma mata ma wannan karon an ba su dama. Ranar zaɓen majalisar jiha na sa Hajara a gaba, ta lulluɓa, muka tsaya a layi ana yayyafi. Ta ce mini, "Malam, ni fa ban taɓa yin wannan abu ba." Na ce ta dangwala inda na nuna mata. Ba sai na faɗi wanda muka zaɓa ba. Ya ci.

Azumi ya kama kafin a gama sauran zaɓuɓɓukan. Azumi ne mai sanyin jiki da zafin ciki, ƙishirwa da sauƙi, amma abin buɗa baki sai kunu da ɗan ƙosai in an samu. Na riƙa wucewa ta bakin makaranta ina ganin an shafe ɗakinmu da fenti kalar jam'iyyarsu. Na ce a raina fenti ne, farar ƙasa za ta rufe shi. Aka yi salla. Aka sa ranar komawa.

Na riga kowa zuwa da safen nan, da tsintsiya a hannu, don ban tsammanin Alhaji zai tuna da tasa ba. Na zagaya inda ƙofa take. Babu ƙofa. An toshe ta da bulo na siminti, an shafe. Tagogin an buga musu katako daga ciki. Na zagaya ta titi na leƙa zauren Iro, sai na ga an fasa katangarsa an yi sabuwar ƙofa mai ƙyauren ƙarfe. Ɗakin ya juya mana baya ya fuskanci gidansa.

Yara suka fara isowa da jakunkunansu. Suka tsaya a bayana.

Ban yi hayaniya ba, ba halina ba ne. Na bi tsari. Na fara da hedimasta, ya ce shi aro ya sani. Na je ofishin ilimi, suka ce ba su suka sa a yi ginin ba, ba su da ta cewa a kai. Sannan na kai ƙara wurin mai unguwa. Ya tara mu a zaurensa bayan la'asar, ni da Iro da Malam Audu da dattawa kaɗan. Iro ya zo cikin sabuwar babbar riga, ya miƙo mini hannu yana murmushi kamar babu komai.

Mai unguwa ya ce, "Malam Sada, wa ya kira gayya?"

Na ce, "Ni."

"Wa ya ciyar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yara suka kwaɓa ƙasa, iyayensu suka kawo kwano."

"Na ji. Wa ya ciyar?"

Iro ya ce, "Haba Na-farko, amsa mana. Kai ma ka ci, har ka yaba miyar."

Wasu suka yi 'yar dariya. Mai unguwa ya juya ga magini. "Malam Audu, a sana'arku yaya abin yake?"

Dattijon bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, tun da na tashi ban taɓa ganin an ci tuwon wani an gina wa wani ba. Kuma ɗakin a jikin katangarsa yake. Na so in faɗa wa Malam tun farko, ya ce mini Iro ne."

Na dubi Iro na ce, "Ka tsaya gaban yaran nan suka tafa maka."

Murmushin ya ragu. Ya ce, "Sada, kai malami ne, ba ka san dawainiyar jama'a ba. Ina zan saukar da baƙina in na zo daga majalisa a Kaduna? Ka yi haƙuri mu hau kujera, ba ɗaki ɗaya ba, jeri zan sa a gina muku na siminti. Wanga na laka mi za ku yi da shi?"

Mai unguwa ya ce tun da Alhaji ya yi alkawari, a bar magana. Aka shafa fatiha. Dattawan da suka mulmula tubali tare da ni suka tashi suna gyara riguna, babu wanda ya haɗa ido da ni. Sun ci tuwon, kuma sun san abin da cinsa yake nufi. Ni kaɗai ne na ɗauka sadaka ce.

Muka koma gindin darbejiya. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati hutu ne, na ji a rediyo ana ta buga badujala. Kashegari tsarina ya kawo ni kan darasin ƙarshe, wato zaɓe da amanar wanda aka zaɓa. Ban tsallake shi ba. Ƙasa na da danshi, yara suka zauna a kan takalmansu. Daga inda suke suna kallon bangon da suka gina. Ruwa ya fara wanke fentin, a ƙasa-ƙasa inda yaɓe ya zube ana ganin ƙananan tubala.

Na ce, "Mannir, ja musu."

Ya miƙe. Sannan ya ce, "Malam, in ce abin kowa namu ne?"

Na ce, "Haka na koya maka."

Ya faɗa, suka amsa. Na sha jin yara suna karatu da yunwa, na sha ji suna yi da barci a ido. Irin muryar ranar ban taɓa ji ba. Sun faɗa ne don ina riƙe da bulala. Ba mu kai rabin darasin ba hadarin ƙarshen damina ya taso, na sallame su, kowa ya ɗora jaka a ka ya ruga. Na ɗauki allon na rasa inda zan fake da shi, sai na tsaya a ƙarƙashin bakin kwanon ɗakinmu, ta waje. Ina jin mutanen Alhaji a ciki suna hira.

Jerin ɗakunan siminti ba su zo ba. Bayan 'yan shekaru soja suka dawo, kujerar ta tafi, ɗakin ya zama wurin ajiye buhuna. Ni da Iro mun ci gaba da gaisawa a masallaci da wurin jana'iza, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali. Bai sake kirana Na-farko ba, ni kuma ban sake cin komai daga gidansa ba har ya rasu. Na je na yi masa salla. Na ci gaba da koyar da darasin nan kowace shekara har na yi ritaya, da tsarinsa, ban rage ko layi ɗaya ba.

Yanzu ba a mulmula tubali, bulo ake saye. Makarantar an kewaye ta da katanga, darbejiyar an sare ta. Jikokina ma ana koya musu haƙƙin ɗan ƙasa, har da littafi mai hotuna.

Da ruwan bana ya janye daga zaurena, na bari aka idar da sallar la'asar a masallacin layinmu, na miƙe da sandata. Na ce jama'a, kwatar nan ta kowa ce. Na farko, a fito ranar Asabar da shebur. Na biyu, matasa su kwashe yashin, mu tsofaffi mu tsince leda. Mutane suka yi ta duban juna. Mannir yana sahun gaba. Shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu, yana da shagon takalma da jikoki, kuma har yau in ya gan ni sai ya rusuna. Ya bari na gama, ya matso kusa, ya rage murya don kada ya kunyata ni.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, za mu fito. Amma wa zai ciyar?"

Na ce, "Babu. Kowa ya ci a gidansa."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, in haka ne ina da shebur."